Zobe a Ƙarƙashin Dutsen Wanki

Ranar Litinin zoben ya ɓata. Ranar Alhamis da hantsi aka ɗauko Sagiru daga Gwarzo a bayan babur, yana rungume da injin neman zinare da ya naɗe cikin buhun taki.

Zoben na Alhaji Gali ne, dillalin hatsi, wanda rabin ƙauyen ke cin abinci a ƙofar gidansa. Na azurfa ne, mai faɗin kai, an zana hatimi a jikinsa. Kakansa ne ya bar shi, tun zamanin da sarautar ƙauyen take gidansu. Sarauta ta koma wani gida, zoben ya zauna, shi ya sa Alhaji Gali ba ya miƙa hannu a gaisa sai ya juya shi yadda za a gani.

Wanda ake tuhuma kuwa Baba Datti ne, mai wanki. Shekara talatin da wani abu yana wanki a kan dutse guda, a mashayar rafin da ya raba ƙauyen da hanyar Gude. Kowa ya san tsarinsa. Ba ya jiƙa riga sai ya zazzage aljihunta a tudu, abin da ya samu ya sa a hularsa, da yamma ya mayar wa mai shi. An sha karɓar makulli da carbi da katin asibiti daga cikin hular nan. Ran Litinin ɗin ma ya zazzage. Abin da bai sani ba, tela ya yi wa sabuwar babbar rigar Alhaji wani ɓoyayyen aljihu ta ciki, kuma a nan Alhaji ya jefa zoben ya manta. Baba Datti ya ɗaga riga ya maka a dutse, ya ji ƙyal, ya ga wani farin abu ya yi tsalle ya faɗa ruwa. Ya yi ta lalube har azahar bai samu ba. Da ƙafarsa ya je ya faɗa wa Alhaji.

“Da ƙafarsa ya zo,” haka Alhaji yake gaya wa mutane, “don kar a riga shi.”

Kuma ya rantse a gaban jama'a, in zoben bai fito ba, Datti ya gama wanki a garin nan, kuma sunan da za a riƙa kiransa da shi kowa ya san shi.

Sagiru ya yi shekara huɗu a Jado, cikin hamadar Nijar, yana bin zinare. Ya dawo ba zinare, sai injin. Yanzu da shi yake nemo wa mutane turken iyakar gona da makullan da suka faɗa cikin yashi. Bai taɓa sa shi a ruwa ba, amma da aka tambaye shi a waya ya ce ba komai.

Ya tarar mashayar ta cika. An ajiye wa Alhaji farar kujerar roba a inuwar giginya. Baba Datti yana tsugune kusa da dutsensa, hula a hannu. Sagiru ya gaida Alhaji, ya juya ya durƙusa.

“Baba, ina kwana? Ya ƙoƙari?”

“Lafiya lau, yaro. Ka sha hanya. Ya mutanen Gwarzo?”

“Suna lafiya. A ina ya faɗa?”

Tsohon ya miƙe da ɗingishi ya nuna da hula. “Ta nan, gabas da dutsen. Bai fi taku biyu ba. Allah ya sa injinka ya gani.”

“Zai gani, Baba, in dai yana ciki.”

Ruwan rani ne, iyakarsa gwiwa. Sagiru ya haɗa sandar injin, ya ɗaura faifan da ke ƙasanta, wanda shi ne yake jin ƙarfe, ya naɗe akwatin da ke wajen hannu da leda don kar ruwa ya taɓa shi. Zai sa abin kunne, Lukuman direban Alhaji ya riƙe hannunsa.

“A'a, mutumin Jado. Cire wannan. Kowa ya ji da kunnensa, kar a yi mana ƙus-ƙus.”

Sagiru ya cire. Ya shiga ruwa, ya kunna, ya tsoma faifan.

Injin ya ɓarke da kuka. Ya karkata dama, kuka. Ya karkata hagu, kuka. Ya tsaya cak, bai motsa ba, injin yana ta ƙiriri kamar an taka wutsiyar ɗan kwikwiyo. Ya tona inda ya fi ƙara, ya ɗago hannu cike da baƙin yashi. Ya sake tonawa, murfin kwalba. Ya sake, ba komai.

“Kai, ashe rafinmu duk zinare ne!” in ji Lukuman. “Alhaji, a daina sayen masara.”

Aka kwashe da dariya.

“Ko yunwa yake ji? A ba shi fura.”

“Injin hamada ne, tsoron ruwa yake kamar akuya.”

Sagiru ya duba akwatin injin. Ya kashe, ya kunna. Ya canja batir. Kukan bai canja ba. Ya kusa awa guda yana haka, har wasu suka fara komawa gonakinsu.

Alhaji ya ce, “Malam Sagiru, an ce mini kai gwani ne. Ko dai abin wasan yara ka kawo mini?”

“Ranka ya daɗe, sai na daidaita shi da ƙasar wurin. Akwai abin da yake damunsa.”

“Akwai dai abin da babu a ruwan. Datti! Shiga ka tsaya daidai inda ka ce, kar gobe ka ce ba a duba wurin ba.”

Baba Datti ya naɗe wando ya shiga. Ya tsaya gabas da dutsen. Sagiru ya ɗago faifan daga ruwa don ya zagaya ta bayansa. Da faifan ya rabu da ruwa kukan ya lafa, sai ɗan ƙis-ƙis. Yana wucewa ta gefen ƙugun tsohon, injin ya yi wata ƙara guda, mai kauri, cikakkiya, ba irin shirmen da yake yi tun safe ba.

Mutane suka matso bakin ruwa.

“Maimaita,” in ji Alhaji.

Sagiru ya maimaita. Ƙarar ta sake fitowa, daidai ƙugu na hagu.

Kunnen Sagiru ya san wannan murya. Azurfa siririyar murya gare ta, mai tsayi. Wannan ta ƙasa ce, ta baƙin ƙarfe da danginsa. Ya sani tun a karo na farko. Amma a karo na farko kuma tun safe babu mai yi masa dariya, har wani a tudu yana cewa, “Kai, injin nan ba ƙarya!” Sai ya yi shiru na ɗan lokaci. Ɗan lokacin nan ya isa.

Lukuman da wasu ƙarti biyu suka faɗo ruwa. Suka fito da tsohon tudu, suka zazzage aljihunsa: guntun sabulu, goro rabi. Suka kwance mazagin wandonsa suka bi shi da yatsa. Suka cire masa riga. Ya tsaya daga shi sai gajeren wando, yana kare ƙirjinsa da hula, ga mata a ɗaya gaɓar sun tsayar da wanke-wanke suna kallo.

“Sake gwadawa,” in ji Alhaji.

Injin ya sake kuka a wuri guda.

“Ya haɗiye!” in ji Lukuman, yana tafa hannu. “Wallahi ya haɗiye! Baba, da ruwa ka kora ko da koko?”

“Alhaji,” in ji Baba Datti, “ƙarfe ne. Shekarar da motar rake ta buge ni a hanyar Kabo, a asibitin ƙashi a Kano aka sa mini ƙarfe a ƙugu. Ga tabon ɗinki nan. Kowa ya sani.”

Sai a lokacin Sagiru ya buɗe baki. “Ranka ya daɗe, gaskiya ne. Muryar ƙarfe ce wannan, ba ta azurfa ba. Ta azurfa siririya ce.”

“Yanzu kuma injin har muryoyi gare shi? Da ya yi kukan me ya sa ba ka faɗa ba?”

Sagiru ya kashe injin.

Inno mai ƙosai, wadda take suya a bakin mashayar tun Alhaji yana yawo ba wando, ta taso da matsami a hannu. “Gali, ka ji tsoron Allah. Ni na kula da matarsa lokacin da yake kwance a Kano. Mutumin nan shi ya wanke likkafanin ubanka.”

“Inno, koma wajen kaskonki, mai yana ƙonewa.” Ya juya wajen Lukuman. “Ƙarfe yana ƙashi, kuka yana ciki. A je gida a ce su dafa filasko, a sa kanwa. Mai kauri. In babu komai a cikinsa, ai wankin ciki ya samu kyauta.”

Aka kawo a kwanon sha, baƙi-baƙi, yana tururi. Baba Datti ya dubi kwanon, ya dubi mutanen da ya yi shekaru yana wanke wa tufafi. Wasu suka sunkuyar da kai. Babu wanda ya matso.

“In na sha, a ba ni rigata,” ya ce.

“Sha tukuna,” in ji Alhaji.

Ya yi bisimilla ya shanye. Aka zaunar da shi a gindin wata sabara da tsohuwar roba a gefensa, aka sa mutum biyu su tsare shi. Ba a ba shi rigar ba.

Sagiru ya koma bakin ruwa ya zauna da injin a cinya. Yanzu babu mai kallonsa, ido duk ya koma wajen sabara. Ya ce a ransa hanya ɗaya ce ta rage ya gyara abin da shirunsa ya ɓata: ya fito da zoben daga ruwa kowa ya gani.

Ya fara bin injin a hankali, yadda wani tsohon Buzu ya koya masa a Jado, abu ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga faifan sama, nesa da ƙasa, ya kunna. Har yanzu akwai ƙis-ƙis. Ke nan ba daga ruwa kaɗai ba ne. Ya waiga. Can sama kaɗan injin ban ruwa yana ta aiki a gonar albasa, ga ƙaramin janareto kusa da shi da ake cajin waya. Ya je ya roƙi mai gonar ya kashe. Ƙis-ƙis ya ɗauke.

Ya tsoma faifan, kuka ya dawo. Ya fito da shi ya juya. A ƙasan faifan akwai murfin roba da ke kare shi daga duwatsu. Ya sa farce ya ɓanɓare. Baƙin yashi ya cika tsakanin, laushi kamar kwalli. Irin yashin nan da ƙarfe-ƙarfe a cikinsa. Tun safe injin yana ɗauke da abin da yake sa shi kuka, duk inda aka kai shi. Ya wanke tas, ya bar murfin a tudu.

Sannan waya. A hamada sakwa-sakwa yake barinta, ba ta damun kowa. A nan ruwa yana kaɗa ta, tana bugun sanda, kowane bugu injin ya ɗauka ƙarfe ne. Ya yagi ledar ya ɗaure ta tam a wuri uku. Ya rage ƙarfin jin injin, wanda ya bari a ƙarshe kamar mai neman ƙwayar zinare a zurfi. Ya shiga ruwa ya sami wuri mai tsabta, ya riƙa ɗaga faifan yana saukewa a hankali har injin ya saba da yashin rafin ya yi shiru.

Aka kira azahar. Mutane suka yi alwala a gaɓa suka yi jam'i. Baba Datti ya yi tasa a zaune a gindin sabara, ba riga.

Bayan salla maganin ya fara aiki. Sagiru bai waiga ba, amma kunnensa bai toshe ba. Yana jin Lukuman yana ba da labari da ƙarfi, yana toshe hanci, yana tona robar da kara.

“Na farko, babu! Masara ce zalla. Baba, ashe kana cin daɗi a ɓoye.”

Dariya. Wani ya ɗaga waya yana ɗauka.

“Na biyu, babu! A ƙara masa kwano?”

Sagiru ya sa abin kunnensa, yanzu ba mai hana shi. Ya fara daga jikin dutsen, yana jan faifan a hankali saboda nauyin ruwa. Murya mai kauri: ƙusa. Wata: reza. Wata: marfin gwangwanin madara. Kowanne ya cire ya jefa tudu don kar ya sake ruɗa shi. Ya gama gabas da dutsen taku biyu, taku uku, babu. Ya faɗaɗa.

Wajen la'asar ya ga an rako tsohon bakin ruwa, can ƙasa da dutsen, inda rafin ya yi kwana. Ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa sosai. Ya shiga ruwa ya tsuguna har ƙirji ya yi tsarki, ya daɗe a ciki, bayansa ga mutane. Sannan aka fito da shi.

Ba a fi minti goma ba bayan haka, a arewa da dutsen, inda ruwa ke shigowa, muryar ta zo. Siririya, mai tsayi, tsaf. Sagiru ya bi ta kanta ta gabas, ya bi ta kudu. Ba ta canja ba. Ya durƙusa ya tura hannu ƙarƙashin leɓen dutsen. Yashi ya rufe wurin kusan taƙi guda. Ya ɗebo, ya tace a tafin hannu. A ɗiba ta uku yatsansa ya shiga cikin da'ira.

Bai yi tunani ba. Ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu sama.

“Ga shi! Alhaji, ga shi! A ruwa yake! Baba ya yi gaskiya!”

Mutane suka ruɗo gaɓa. Inno ta saki matsami tana cewa alhamdu lillahi. Baba Datti ya ɗago kai daga inda yake kwance a yashi.

Alhaji Gali ya taso daga kujera a hankali. Ya zo bakin ruwa ya dubi zoben a tafin Sagiru, bai taɓa ba. Ya dubi tsohon, ya dubi robar da ke gindin sabara, ya dubi wayoyin da aka ɗaga.

“Tun safe kake neman zoben nan a ruwa,” ya ce. “Ka samu?”

“A'a, ranka ya daɗe, injin ne yake...”

“Ba ka samu ba. Yaushe ka samu?”

“Yanzu.”

“Bayan wa ya shiga ruwa?”

Lukuman ne ya fara ganewa. Ya yi ihu ya riƙe ciki. “La ilaha! A ruwa ya sake shi! Shi ya sa ya daɗe a tsugune! Tsoho da dabara!”

“Ba haka ba ne!” in ji Sagiru. “Shi can ƙasa ya shiga, wannan a sama na same shi. Zobe ba ya hawan ruwa. Kuma taƙi guda yake cikin yashi, yashin kwana uku ne. Ku zo ku ga ramin!”

Ya nuna wurin. Ruwa ya riga ya mayar da yashi, babu rami.

“To a sake gwada injin a jikinsa,” ya ce. “Zai yi kukan da ya yi ɗazu, don ƙarfen yana nan. Ku kawo shi.”

“Injin da ya yi mana ƙarya tun hantsi?” in ji Alhaji. “Sau ɗaya ya faɗi gaskiya yau, kowa kuma ya ji. Ya isa. An wahalar da dattijo, a bar shi haka.”

Aka fara gyaɗa kai a cikin taron. Waɗanda suka yi dariya ɗazu, da waɗanda suka riƙe tsohon, da waɗanda suka tsaya kallo, duk maganar Alhaji ta fi musu sauƙin ɗauka. Inno tana magana, ba a jin ta.

Sagiru ya miƙa zoben. Alhaji ya janye hannu ya mayar bayansa.

“Ni zan taɓa wannan? Ka san inda ya fito. Ba shi.” Ya nuna Baba Datti da haɓa. “Datti, ai kai ne mai wanki. Wanke mini shi. Sau bakwai, da sabulu.”

Tsohon ya rarrafo. Ya ɗauki guntun sabulunsa daga inda aka yar da shi. Sagiru ya sa masa zoben a hannu, ya kasa kallon fuskarsa. Baba Datti ya hau dutsensa ya zauna, ya wanke zoben yana ɗaurayewa, Lukuman yana ƙirga masa da ƙarfi. A na bakwai ya goge shi da hularsa, ya miƙa da hannu biyu. Alhaji ya karɓa, ya sa a yatsa, ya juya hatimin waje.

“Na yafe maka,” ya ce. “Ba zan kai ka kotu a Kabo ba. A ba shi rigarsa.”

Ba a hana Baba Datti dutsensa ba. Ba a bukaci haka ba. Sati ya zagayo babu wanda ya aiko masa da ko hula. Hoton da aka ɗauka a waya ya kai Dugabau, ya kai Gwarzo, har a tasha Sagiru ya ji ana kiran sunan tsokanar da aka laƙa wa tsohon kan haɗiye zobe. Duk wanda ya tsaya ya saurare shi ya yi masa bayanin baƙin yashi da waya da muryar azurfa. Akan saurara, a ce ikon Allah, sannan a tambaye shi ko da gaske injin yana ganin abin da ke cikin mutum.

Ran Alhamis ta biyu ya ɗaure kayansa kala huɗu, waɗanda ba su ma yi datti ba, ya hau mota zuwa ƙauyen. Ya tarar da tsohon zaune a kan dutsen, ya rame, ba komai a gabansa sai bokiti.

“Baba, ina wuni?”

“Lafiya.”

“Wanki na kawo.”

Baba Datti ya dubi ƙullin ya daɗe. Ya kwance. Ya ɗauki riga ta farko ya juya aljihunta waje, ya bi kowane ɗinki da yatsa, wuya, hammata, gefe, ƙasa. Sagiru ya matsa zai zauna a inuwa.

“Tsaya nan,” in ji tsohon. “Inno! Zo ki tsaya ke ma.”

Inno ta taso daga kaskonta. Ya ɗaga rigar a gabansu ya kakkaɓe ta sau uku.

“Kun gani babu komai?”

“Baba, ni ai na san...”

“Kun gani, ko ba ku gani ba?”

“Mun gani,” in ji Sagiru.

Tsohon ya ajiye ta gefe, ya ɗauki ta biyu.